Yadda muka buɗe rabin aji a firamarenmu, da abin da ya hana manhaja shiga aji

Duk wanda aka ɗora wa nauyin buɗe ajin share fage a firamaren gwamnati, wato abin da mutanenmu suka fi sani da rabin aji, zai ɗauka wahalar tana wajen takardu da zirga-zirgar ofisoshi. Takardun sun ci mana kusan wata biyu, amma dai sun ƙare. Abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa shi ne samun malamai huɗu su haɗu a kan ma'anar kalma ɗaya da ke cikin manhaja, wato kundin tsarin karatun ajin, kalmar wasa. Makarantar tamu tana wani gari ne mai kasuwar mako a ƙasar Hausa, kuma zan bi abin daki-daki yadda ya gudana.

Mun fara a watan Yuli, kafin hutun ƙarshen shekara, da zama da hedimasta da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. A ciki akwai mai unguwa, da limamin masallacin unguwa, da wakiliyar mata, da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Na je da hujjojina a rubuce: dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma Tsarin Ilimi na Ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977, a bugunsa na 2013 ya ware shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara biyar kafin ya shiga aji ɗaya, malami ɗaya ga yara 25. Ba wanda ya yi musun wannan, ba kuma wanda ya damu da shi. Tambayar liman ita ce, "Malam, yaron da bai gama iya tsarki ba, me za ku koya masa? Kuma karatunsa na safe fa?" A nan na gane cewa jadawali ne abin da za a fara sasantawa a kai. Yaran garin suna zuwa makarantar allo bayan asuba har zuwa hantsi, don haka muka tsayar da shiga ƙarfe takwas da rabi, tashi sha ɗaya da rabi. Wanda ya kafe a kan ƙarfe bakwai da rabi zai samu aji babu kowa, kuma zai ja wa ajin sunan mai raba yara da allo tun bai buɗe ba. A rubuta bayanin wannan zama, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa kafin a watse. Ni ban yi haka ba, kuma wannan sakacin ya ci mini kwana goma.

Daga nan sai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Na kai wasiƙar neman izini da sa hannun hedimasta kaɗai, aka dawo da ni in haɗo da bayanin zaman kwamiti, da jerin sunayen yaran da ake sa ran ɗauka, da sunayen malaman da za su riƙe ajin tare da kwafin takardunsu. Gaskiyarsu ce. Sai da na bi 'yan kwamiti gida-gida, ga damina, kowa yana gona. Zuwa na biyu na yi zaman benci tun ƙarfe tara har azahar, domin sakataren ilimi yana wajen taro. A na uku aka karɓa. A je da kwafi biyu na komai, a roƙi magatakarda ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka kwafin, domin da shi za ka riƙa bibiya. A je farkon mako da sassafe, kada a je ranar Juma'a ko lokacin da ake tantance ma'aikata. Ban biya ko sisi a ofishin ba, kuɗin mota da na fotokwafi ne kawai suka fita daga aljihu. Bayan mako biyu jami'i ya zo duba ɗakin. Ya duba rufi ko yana yoyo, da daɓe, da tagogi, da nisan ɗakin daga titi, da bayan gida, da ruwa. Ya ƙi sa hannu saboda rijiyar makaranta ba ta da murfi, kuma daɓen ya farfashe. Raina ya ɓaci a ranar, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗan shekara biyar yake leƙa rijiya ya san mutumin bai yi laifi ba. Buhu uku na siminti da murfin ƙarfe mai kwaɗo, da kuɗin ƙungiyar iyaye, suka raba gardama.

Manhajar kanta sai da na je babban birnin jiha, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, teburin da ke kula da ilimin ƙananan yara. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ce take tsara ta. Kwafi ɗaya aka ara mini na je na yi fotokwafi huɗu na sa aka ɗinke. Da Turanci take daga farko har ƙarshe, kuma ba a tsara ta darasi-darasi irin na firamare ba. Ta bi ɓangarorin girman yaro ne: jiki, tunani, harshe, zama da mutane, lafiya, abinci, tsafta, kariya daga haɗari. Ko'ina ka buɗe za ka ga ana cewa a yi abu kaza ta hanyar wasa, da waƙa, da labari, da taɓa abubuwa. Na raba wa malamai na ce su karanta a hutu. Wannan ne kuskurena na biyu, domin kowacce ta karanta ta kuma ga abin da dama take ɗauke da shi a kai.

Malaman huɗu ne, duka mata. Akwai dattijuwa da ta fara da takardar malanta mai daraja ta biyu, daga baya ta yi NCE ta hanyar Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ta shekara ashirin da wani abu tana riƙe da aji ɗaya. Kowa Hajiya yake ce mata. Akwai Malama, wadda da yamma take koyarwa a Islamiyya. Akwai matashiya da ta yi shekara uku a wata nazare mai zaman kanta a birni, wadda sunan Anti ya bi ta har nan. Sai 'yar bautar ƙasa Bayarabiya da aka turo mana daga kudu maso yamma. Mun ware kwana biyar a makon ƙarshe na hutu don bita, kuma da na ga yadda aka fara, sai na ajiye manhajar na yi musu tambaya ɗaya: idan yaro ya yi zango guda a hannunki, da me za ki gane ya koyi wani abu? Na shawarci duk mai wannan aiki ya fara da wannan tambaya, kuma ya rufe bakinsa ya saurara.

Hajiya ta ce za ta gane idan ya iya zama wuri ɗaya, ya iya gaisuwa da durƙuso, ya daina kallon babba cikin ido, ya karɓi abu da hannun dama, ya daina sa baki in manya na magana. Ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, boko kuwa yana nan yana jiransa a aji ɗaya. Malama ta ce idan ya haddace Fatiha da ƙananan surori, da addu'ar cin abinci da ta shiga bayan gida, ya kuma iya ƙirga da ka. Anti ta ce idan ya rubuta ɗaya zuwa hamsin, ya rubuta haruffan Turanci manya da ƙanana, ya iya neman izinin fita da Turanci, domin da wannan iyaye suke auna makaranta. 'Yar bautar ƙasa ta ce idan ya iya tsayawa gaban aji ya faɗi sunansa da ƙarfi, ya rera waƙoƙi goma, ya amsa tambaya ba tare da sunkuyar da kai ba. Ta ƙara da cewa, da ladabi, yaran nan ta ga kamar ba su da kuzari, in ta yi musu magana sai su kalli ƙasa. Hajiya ta dube ta ta ce, "'Yar nan, wannan da kike gani shi muka sha wahala muka koya musu." Aka yi dariya, amma maganar ita ce gundarin matsalar. Abin da ɗaya take ɗauka nasara, ɗayar tana ɗaukar sa ciwo ne da za a yi wa magani. Abin lura kuma, a kan gaisuwa da girmama manya bakinsu ɗaya da Hajiya, domin a wajensu ma yarinya durƙusawa take yi, yaro ya kwanta. Inda suka rabu shi ne murya: ita a inda ta tashi yaro mai baki abin alfahari ne a makaranta, mu kuwa yaro mai yawan tambaya muna ce masa mai surutu, in ya matsa mu ce fitsararre.

Cikin su huɗu ba wadda ta ambaci wasa. Dalilin yana cikin harshen kansa. A Hausa in aka ce mutum yana wasa da aiki, zagi ne. In za a ƙarfafa magana sai a ce ba wasa ba. Idan ka fassara wa malamar da ta tashi a nan cewa hanyar koyarwa ita ce wasa, abin da kunnenta yake ji shi ne sakaci, a sake yara su yi ta guje-guje tana zaune, kuma ta san ranar da uba ya leƙo ya ga haka, ita za a zaga. Don haka muka daina faɗin kalmar. Muka riƙa cewa koyo a aikace, ko aikin hannu, kuma kowane aiki sai an faɗi abin da ake son yaro ya fita da shi. Wannan ɗan sauyi ya rage gardama da rabi.

Rana ta biyu muka yi gwajin da ya fi duk wani bayani da zan iya yi. Muka tara yaran maƙwabta 'yan shekara biyar zuwa shida, aka ce su ƙirga. Suka zuba har talatin, wasu har hamsin, da Hausa da Turanci, Anti da Malama suna murmushi. Sai aka zube tsakuwa a tabarma aka ce wa kowane, ba ni bakwai. Mafi yawansu suka dumbuzo hannu guda, wasu suna faɗin lambobi da sauri yatsa yana tafiya a hankali, baki ya kai bakwai hannu yana kan na huɗu. Yaron ya haddace jerin kalmomi ne kamar waƙa, bai san kowace kalma tana tafiya da abu ɗaya ba, bai kuma san cewa kalmar ƙarshe ita ce yawan abin ba. Ba a gyara wannan da ƙara maimaitawa. Sai ya taɓa, ya matsar, ya raba wa 'yan'uwansa, sau da yawa, da abubuwa iri-iri. Daga nan Hajiya da kanta ta kawo maganar 'yar carafke, inda yarinya take kwasar ɗaya-ɗaya, sannan biyu-biyu, sannan uku-uku, da dara, da tuwon ƙasa inda ake rabon kwano. Ta ce ashe lissafi ne muke yi ba mu sani ba.

Malama kuwa ta wata ƙofa ta shigo, kuma a ganina ita ce ƙofar da ta fi faɗi ga duk wanda ke aiki a ƙasar Hausa. Manhaja tana cewa a bi kowane yaro gwargwadon saurinsa, malamai suna cewa wannan ba zai yiwu ba a aji mai yawa. Sai na tambaye ta yadda ake yi a makarantar allo. Ai can kowa da allonsa, kowa da inda yake. Wani yana babbaƙu, wani ya shiga farfaru, wani yana zube, duk a inuwa ɗaya. Ba a wanke wa yaro allo sai ya iya abin da ke kai, ko da abokinsa ya wuce shi da sura uku. Babba yana biya wa ƙarami. Harafi ma ba a barin sa haka kawai, ana ba shi suna mai siffanta kamanninsa yadda zai zauna a kan yaro, kuma yatsa yana kan abin da baki yake faɗa. Duk wannan tsari ne da malaman suka tashi a cikinsa suka kuma yarda da shi, sai dai ba su taɓa kawowa a ransu cewa yana da gurbi a boko ba, domin bokon da aka yi musu na layin benci ne da amshi. Abin da muka ɗauka daga allo shi ne saurin kowa da biyawa da allo a hannu. Abin da muka bari shi ne a wuce da hadda kafin fahimta a darasin lissafi da na harshe. Surori da addu'o'i kuwa muka ba su minti goma sha biyar na farko kowace safiya, da hadda yadda aka saba, Malama ce ke ja.

Sauran kwanakin sun tafi a kan ƙananan abubuwa da manhaja ba ta san da su ba. Tatsuniya: Hajiya ta ce ita ba ta yin tatsuniya da rana, haka aka hana su tun suna yara, an ce mai yi zai yi ɓatan kai. Ba ta ce ta yarda da camfin ba, ta ce bakinta ne ba ya iyawa. Muka sa masa suna lokacin labari, ta fara da labaran dabbobi, kafin wata guda Gizo da Ƙoƙi sun shigo da kansu. Zane: Malama ba ta son a sa yara zanen mutum ko dabba, kuma ta san iyayen da za su yi magana. Ba mu ja ba, domin abin da ake nema shi ne yatsu su yi ƙarfi ido ya bi layi, kuma bishiya da mota da gida da ƙwarya da zanen lalle duk suna yin wannan aiki. 'Yartsana ta ƙashi da tsumma irin wadda 'yan mata suke yi a gida ba wanda ya ce uffan a kanta. Kiɗa: ganga da 'yar bautar ƙasa ta so a saya muka bari, tafi da waƙar gaɗa suka wadatar. Zama: maza gefe mata gefe a kan tabarma lokacin addu'a, a kusurwoyin aiki kuma, wato wuraren da muka ware a aji wa kowane irin aiki, muka bar su su cakuɗa, sai dai mun lura malamai suna tura mata wajen girki, maza wajen gini, ba da niyya ba, don haka muka sa juyi na dole kowane minti ashirin. Bahago: dukansu huɗu, har da baƙuwar, sun ɗauka aikinsu ne su mayar da yaro dama. Muka tsaya a kan cewa ci da karɓa da miƙawa da dama, wannan tarbiyya ce, amma alli a bar shi a hannun da ya zaɓa, domin tilastawa tana sa yaro ya tsani rubutu tun bai fara ba. Bulala ce ba mu gama da ita a bitar ba. An yarda dai ba za ta shiga ajin ba, amma na ga fuskokin da ba su gamsu ba.

Shirya ɗaki bai ci kuɗi sosai ba. Mun fitar da bencina gaba ɗaya, domin ƙafar ɗan shekara biyar ba ta taɓa ƙasa a kansu, kuma benci yana kiran layi, layi yana kiran amshi. Ga kowane aji mun sa manyan tabarmin roba huɗu, da ƙananan alluna talatin da kafinta ya yanka daga falanki aka shafa musu baƙin fenti, da butoci uku, da fo biyu, da bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa. Kayan aiki kuwa kusan duka tsintowa aka yi: murafen kwalaben lemo kamar ɗari uku an wanke, ƙwallon goruba, karan dawa na yin mota, yumɓu daga bakin rafi, yashi a tsohon baho, gwangwanayen madara da aka daddaƙe bakinsu, guntayen atamfa daga wajen tela. Kada a sa wake ko masara ko gyaɗa ko ƙananan duwatsu cikin kayan ƙirga. Suna shiga hanci da kunne, kuma ranar da hakan ta faru, asibiti za a kwana, a kuma rasa amincewar unguwa. Duk abin da zai shige bakin kwalbar lemo ya yi ƙanƙanta.

Ranar ɗaukar yara a watan Satumba, gurbi hamsin muke da shi, aji biyu, amma abin da ya zo ya kusa ninki biyu, har da 'yan shekara uku a bayan yayyensu. A idon iyaye rabin aji wuri ne da ake ajiye yaro ya rage ƙiriniya a gida, sunan ma ya nuna. Mun nemi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ko katin rigakafi, kaɗan ne suke da ta farko, da yawa suna da na biyu, kuma katin yana ɗauke da ranar haihuwa. Waɗanda ba su da ko ɗaya, muka bi ta tambayar uwa azumi nawa aka yi da haihuwarsa, da damina ce ko da rani. Tsohuwar dabarar nan ta a ɗora hannu ta saman kai a taɓo kunne tana taimakawa, amma tana cutar gajeren yaro da wanda bai samu abinci sosai ba, kada a yanke hukunci da ita kaɗai. A bar mai unguwa ya zauna a teburin, shi ne zai faɗa wa mutum a yi haƙuri sai baɗi a ji. Duk da haka mun ƙare da talatin da biyu a kowane aji.

Mako biyu na farko kuka ne da fitsari da neman takalmi, wannan kowa ya sani. A mako na uku na leƙa na tarar an koma gidan jiya: yara a layi, Anti a gaban allo da sanda tana nuna harafi, ana amsawa da ƙarfi har ana ji a titi. Kayan aikin kuma suna cikin kabad an kulle, an jera su tsaf kamar kayan jeren amarya. Da na tambaya, sai aka ce yara suna ɓatarwa, kuma in mai duba makarantu ya zo ya tarar babu, wa zai amsa? Wannan tsoro na gaske ne, kuma ba a cire shi da faɗa. Hedimasta ya tara su ya ce murfin kwalba ba kayan gwamnati ba ne, ba wadda za a tuhuma a kansa, muka cire ƙofar kabad ɗin gaba ɗaya, muka sa yara biyu kowace rana su tattara su ƙirga kafin a tashi, wanda shi ma darasi ne. Sannan muka rubuta jadawalin yini da Hausa a babbar takarda muka manna: addu'a da gaisuwa, zaman da'ira na hira, kusurwoyi, wanke hannu da cin abin da aka zo da shi, fita waje, labari, sallama. Amshi bai mutu ba, mun ba shi minti goma, domin yana da amfaninsa wajen waƙa da jerin ranakun mako, kuma malamar da aka hana abin da ta iya gaba ɗaya sai ta ji an mayar da ita 'yar kallo.

Taron iyaye ya zo a mako na bakwai. Maza ne suka cika shi, alhali ƙorafin daga cikin gida yake fitowa, don haka wakiliyar mata ta shirya mana wani zaman dabam a Islamiyyar matan aure, Hajiya da Malama suka je. Ƙorafi uku ne a duka wuraren: kaya suna dawowa da datti, ba a ba da aikin gida, kuma Hausa ake yi musu. Wani dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, in don Hausa ce ai da ita aka haife shi." Ba mu yi dogon bayani ba, gani ya kori ji. Aka kira yara aka ce ba ni bakwai, suka bayar. Aka ce wa ya san wani abu da yake farawa da sautin farkon sunansa, suka yi ta kawowa. Muka kuma sassauta: daga zango na biyu kowane yaro zai samu littafin rubutu ɗaya da zai riƙa zuwa da shi gida ranar Alhamis, aikin gida kuwa irin na a ƙirgo cokulan gida ko a tambayo kaka kacici-kacici ɗaya. Maganar harshe ita ce mai wuya, domin gwamnati ma ta yi ta juyawa a kai. Tsohon tsari ya ce a koyar da ƙanana da harshen uwa ko na yankin, a 2022 aka amince da manufar da ta faɗaɗa hakan zuwa duk shekarun firamare, sannan a Nuwambar 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta da komawa Turanci. Ko me takarda ta ce, ɗan shekara biyar da bai taɓa jin Turanci a gida ba, in kana son ya gaya maka dalilin da ya sa tulin nan ya fi wancan yawa, da Hausa zai gaya maka. Mun riƙe Hausa a bayani da hira da labari, Turanci kuma kullum ta baki, gaisuwa da sunayen abubuwa da gajerun umarni da waƙa, inda Anti da 'yar bautar ƙasa suka fi kowa amfani.

Jami'in tabbatar da inganci ya zo gab da ƙarshen zango. Ya nemi rajista, da tsarin aikin zango, da shirin darasi na mako-mako, da makin gwaji. Uku na farko muna da su. Maki ne ba mu da shi, domin abin da muke riƙewa takarda ce ga kowane yaro mai jerin abubuwa kamar ashirin, yana riƙe alli daidai, yana ba da biyar, yana ba da goma, yana jiran layinsa, yana ba da labari mai farko da ƙarshe, a gaban kowanne a sa bai fara ba, ko yana kan hanya, ko ya iya. Takardar sakamakon da makaranta take bugawa kuwa gurbin maki da na matsayi ne a cikinta, na ɗaya, na biyu, har na kashin baya. Malamai da iyaye duka suna son wannan matsayi, uba yana son ya ji ɗansa ya zo na nawa. A shirya wa wannan tun farkon zango: a nemi hedimasta ya amince a rubuce da takardar sakamako ta dabam ga rabin aji, a nuna wa jami'in yankin samfurinta kafin ya zo duba aiki. Mu mun yi ta ne a gurguje cikin kwana uku, da hannu, sittin da huɗu.

Abu biyu suka rage a gabanmu yanzu. 'Yar bautar ƙasa wa'adinta shekara ɗaya ne, kuma mun yi gangancin bar mata waƙoƙi da motsa jiki ita kaɗai, don haka Anti ta fara karɓa tun kafin ta tafi. Na biyu shi ne malamin aji ɗaya da zai karɓi yaran nan baɗi, ga benci, ga yara sun haura tamanin, ga shi bai zauna a bitarmu ba. Yaran da suka saba tambaya da taɓa abu za su shiga hannun wanda zai ga hakan rashin tarbiyya ne. Mun sa shi cikin bitar hutun zango na biyu, kuma Hajiya ce ta ce a bar mata shi, ita za ta zube masa tsakuwar.